Sitikar QR da banki ya kawo mini shago: in manna ko in bari?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Masu ilimin waya ku taimaka mini da shawara don Allah. Wani yaro daga bankin da nake ajiya ya zagayo layinmu a Kantin Kwari yana raba sitika mai zanen nan na baƙi da fari, wanda ake ce wa QR. Ya ce in manna a tebur, mai sayen atamfa ya haska da wayarsa kuɗi su shigo mini, ba sai na riƙa karanto lambar akawun ba. Babban ɗana ya ce kul na manna, wai duk wanda ya haska zai iya leƙa asusuna ya kwashe. Maƙwabcina kuma tuni ya manna tasa. Na gwada haskawa da tawa wayar, ko gezau ba ta yi ba. Ina gaskiyar take?

Ɗan Baba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ji maganar ɗanki. A unguwarmu an yi wa wani haka, haskawa ɗaya aka yashe shi tas.

Sadiya: Ni ma na ji makamancin haka a wani odiyo da ake ta turawa.

Injiniya Farm Centre: Hajiya barka da kasuwa. Ɗan Baba, shi wanda aka yashe ɗin, shi ya manna zanen ko shi ya haska? Don ba ɗaya ba ne. Zanen nan rubutu ne kawai, rubutun da aka yi wa kyamara maimakon ido. Babu wata na'ura a cikinsa, takarda ce da tawada. Na bankin da aka ba ki, abin da ke ciki bayanin inda za a tura kuɗi ne: ga shagon wance, ga lambar da bankin ya san ta da ita. Daidai yake da kwalin nan da kowa ya rataye a shago an rubuta lambar akawun da alƙalamin maka. Wa ya taɓa cire kuɗi don ya karanta kwalin? Mai haskawa shi zai biya, kuma sai ya buɗe manhajar bankinsa, ya sa adadi, ya danna lambar sirrinsa. Hanya ɗaya ce, kuɗi shigowa suke yi, ba fita ba.

Ɗan Baba: Shi ya haska. A jikin wata takarda ce wai ta tallafi.

Injiniya Farm Centre: To ka gani. Ba zanen ya ɗauki kuɗinsa ba. Zanen ya kai shi wani shafi, shafin ya ce sa lambar katinka da BVN da lambar da za a turo maka, shi kuma ya zuba musu da hannunsa. Da ta saƙon waya aka turo masa adireshin shafin, sakamakon ɗaya ne.

Malam Sani: Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma ban gamsu ba. Ka ce ɗaya ne, ni ina ganin ba ɗaya ba ne. In aka turo mini adireshi a saƙo, ina ganin haruffansa kafin in taɓa. Wannan zanen kuwa ko farfesa ne bai san me ke ciki ba sai ya haska. An rufe maka ido ke nan an ce ka biyo ni.

Injiniya Farm Centre: Malam, wannan magana taka tana kan hanya, kuma nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa. Sai dai ba a rufe idon gaba ɗaya ba. In ka haska da kyamarar waya, ba ta faɗawa shafin kai tsaye. Wani ɗan rubutu ne yake fitowa a sikirin, yana nuna adireshin, yana jira ka taɓa. Wannan ɗan tsaikon shi ne damarka. Mutanenmu ne ba sa tsayawa, yatsa ya riga ido.

Alhaji na Gwanzu: Salamu alaikum. Hajiya ki manna abinki. Mu da muke zirga-zirgar Chana mun ga ƙarshen abin nan. A Gwanzu mai gasa dankali a bakin titi ma da zanensa biyu a rataye, kore na WeChat Pay, shuɗi na Alipay, manhajojin biyan kuɗi na can. In ka miƙa takardar kuɗi sai a yi ta neman canji kamar ka zo da abin mamaki. Yawancin shaguna suna da wata 'yar sifika, da kuɗi sun shiga sai ta faɗi adadin da ƙarfi kowa ya ji, mai shago ko ɗago kai ba ya yi. Amma zan faɗa miki inda haɗarinki yake, don ba inda ɗanki ya nuna ba ne. A can ma an sha yin sa: ɓarawo ya bugo nasa zanen a sitika, ya faki ido ya liƙa a kan na mai shago. Kwastoma ya haska, ya biya, ya nuna maka sikirin an ce ya tafi, ya ɗauki kaya. Kuɗin kuwa suna asusun ɓarawo. Akwai wani ɗan Chana da nake sayen leshi a wurinsa, kullum da safe kafin ya kunna fitilar shago sai ya bi gefen zanen da farce, kusurwa huɗun nan duka, ya ji ko akwai wata takarda a sama. Daga baya ma ya sa shi cikin gilas.

Maman Ummi: Ikon Allah. Wato ni ba a cire mini, sai dai a tare kafin ya iso.

Alhaji na Gwanzu: Haka ne Hajiya. Shi ya sa ba a sakin kaya don an ga sikirin ɗin kwastoma. Sai kin ga kuɗin a naki asusun.

Ummulkhairi: Ba Chana kaɗai ba Alhaji. A Amurka, ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022, an kama irin waɗannan sitikun na bogi a jikin injinan biyan kuɗin ajiye mota a San Antonio da Austin na jihar Texas. A Janairun 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta FBI sai da ta fitar da gargaɗi a kai.

Hassan mai POS: Ni tambayata daban ce. Me ya fi kwalin da muke da shi? Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kowa ya koyi tiransifa, har mai ƙosai. Ka karanto lamba goma, a turo, magana ta ƙare. NIBSS, mai kula da tura kuɗi tsakanin bankunanmu, ta ƙaddamar da NQR, wato tsarin biya da QR na Najeriya, tun Maris 2021. Ni ina bakin titi daga safe har dare, in faɗa muku gaskiya, wanda zai zo ya ce bari in haska ɗaiɗai ne. Rabin masu zuwa wurina ma rakani-kashi ce a hannunsu, da me za su haska?

Alhaji na Gwanzu: Hassan, kai ba ka taɓa ganin wanda ya juya lamba ɗaya kuɗinsa suka tafi wa wani a Fatakwal ba? Sai an yi wata ana sintirin banki. Da zane babu kuskuren lamba.

Hassan mai POS: Ai suna yana fitowa kafin ka tura Alhaji. Wanda bai duba suna a tiransifa ba, a zanen ma ba zai duba ba.

Abu Kumasi: A nan Gana ma akwai namu, GhQR, tun 2020. Ana ganinsa a gidajen mai da manyan shaguna. Amma a zango MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, ita ce sarauniya, ka faɗi lambar waya a turo. Ina bayan Hassan, abin da mutane suka saba shi suke bi.

Injiniya Farm Centre: Ba gasa ake ba ai. Hajiya ta bar kwalinta inda yake, ta ƙara da zanen. Mai so ya haska, mai so ya kwafi lamba. Abin da zan ce ta tambayi yaron bankin shi ne nawa ake cire mata a kowane ciniki, ya rubuta mata a takarda, ba da baki ba.

Maman Ummi: Zan tambaye shi in sha Allah. To saura batun wayata da ta ƙi karantawa. Ko ta tsufa ne?

Injiniya Farm Centre: Ba lallai ba. Abu na farko, ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Wayoyin da ake kawo mini wai kyamara ta lalace, da yawa maiƙon hannu ne kawai. Na biyu, kada ki kanga ta dab da takardar. Ƙananan wayoyi ba sa iya daidaita gani a kusa, sai hoton ya yi dishi-dishi. Ki ja baya kamar taƙi ɗaya ko fiye, ki bari zanen ya fito duka har da farin da ke kewaye da shi. Na uku, haske. In sitikar mai sheƙi ce, ƙwan lantarkin shago yana faɗawa kanta ya shafe wani sashe, sai ki ɗan karkata wayar.

In duk kin yi haka shiru, to kyamararki ba ta zo da wannan aikin a kunne ba. iPhone tun 2017 kyamararsa take karantawa da kanta. Android kuwa kowane kamfani da nasa tsarin: wasu sai an shiga saitin kyamara an kunna, wasu kuma ta Google Lens ake bi, wato ɗan hoton kyamara da ke gefen wurin bincike na Google. Amma ki lura, na biyan kuɗi ba da kyamara zalla ake haska shi ba. Cikin manhajar banki ake shiga, a nemi wurin biya da QR. In kika haska shi da kyamara, ko dai ta yi shiru ko ta nuna miki wasu lambobi da haruffa a cakuɗe.

Sadiya: Ni kam sauke wata manhaja na yi daga Play Store, tana karanta kowane iri.

Injiniya Farm Centre: Anti Sadiya, da za ki ji tawa da kin goge ta. Wayarki tana da abin da zai yi aikin kyauta. Akwai wata mai suna Barcode Scanner da mutum sama da miliyan 10 suka sauke, ta yi shekaru lafiya lau. A Disambar 2020 aka sabunta ta, sai wayoyin mutane suka fara buɗe shafukan talla da kansu. Kamfanin tsaron na'urori na Malwarebytes ne ya tona a farkon 2021, Google ya cire ta. Ki duba taki, in ta nemi izinin ganin lambobin mutanenki ko saƙonninki, ki tambayi kanki me mai karanta zane zai yi da su.

Sadiya: Kai. Tallan kuwa kamar me. Bari in duba.

Ummulkhairi: Yaya Injiniya, maganar farin da ke kewaye da ka yi tana da muhimmanci ga masu buga katin biki. Ƙa'idar ita ce a bar fili mai faɗin ɗigo huɗu ta kowane gefe. Masu zanen kati sai su matse shi cikin fulawoyi, su mai da shi ruwan gwal a kan ruwan madara don ya yi kyau, sannan a yi ta mamakin ya ƙi karantuwa. Kyamara manyan murabba'ai ukun nan na kusurwa take fara nema, da su take gane inda zanen ya fara da kuma ta ina ne sama. Shi ya sa ko a juye ka riƙe waya tana karantawa.

Ɗan Baba: To me ya sa na ga wasu da tambarin kamfani a tsakiya, ya rufe ɗigogin, kuma suna yi?

Ummulkhairi: Don an yi shi ne saboda masana'anta, inda datti da baƙin mai suke. Wani injiniya Bajapane, Masahiro Hara, shi da abokan aikinsa a kamfanin Denso suka fito da shi a 1994, don bin sawun kayan haɗa mota. Lambar layi-layi ta jikin kayan kanti ba ta ɗaukar bayani da yawa, ma'aikaci sai ya haska da dama a kan akwati ɗaya. Sai suka yi wanda ake rubutu a tsaye da kwance, suka kuma saka ƙarin bayani na gyaran kuskure a ciki. Mataki huɗu ne: kashi 7, 15, 25, da 30 cikin ɗari. In an buga shi a mataki na sama, ko kusan kashi 30 ya lalace waya za ta cike gurbin da lissafi. Masu sa tambari wannan rarar suke ci. Illar ita ce in tambarin ya cinye rarar, ƙaramin ƙarzuwa ya isa ya kashe shi. Kamfanin kuma bai nemi a biya shi kuɗin amfani da fasahar ba, shi ya sa ta bazu ko'ina.

Mafi ƙanƙanta ɗigo 21 ne a tsaye 21 a kwance, mafi girma 177 sau 177, yana ɗaukar lambobi har 7,089. Gwargwadon yawan rubutun da aka cusa, gwargwadon ƙanƙantar ɗigogin, kuma nan ƙananan wayoyi suke shan wahala.

Baba Shugaban Zaure: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ku da kuke cewa baƙon abu ne, ku ciro naira ɗari daga aljihu ku juya bayanta. Wadda aka fitar a 2014 ta cikar shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa, akwai zanen nan a jiki. Shekara nawa muna sayen goro da shi.

Hassan mai POS: Wallahi Baba ga ta a hannuna. Sai dai tawa ta sha jiki, ko mataki na sama ba zai cece ta ba.

Ummulkhairi: Wani abin kuma, zane ba ya mutuwa amma shafin da yake nunawa yana iya canza hannu. A 2015 wani mutum a Jamus ya haska na jikin kwalbar tumatirin Heinz, sai ga shi a shafin batsa. Gasar da aka buga zanen dominta ta ƙare, kamfanin ya saki adireshin, wasu suka saye. Sai haƙuri suka ba shi. Masu makarantun kuɗi da ke bugawa a allon sanarwa su kula da sabunta adireshinsu.

Maman Haidar: Ku bar ni in sako tawa, don mata ta fi shafa. Wata ƙawata an yi watanni ana karanta hirarrakinta na WhatsApp ba ta sani ba. Maganar da ta yi da yayarta da daddare, da safe sai ta ji ta a bakin dangin miji. Har rukiyya aka yi wa ɗakin. Ashe wata ce a gidan ta ari wayar wai za ta kira, ta shiga wurin haɗa na'ura, ta haska zanen da ke jikin tata wayar. Shi ke nan, duk saƙon da ya shigo yana zuwa wuri biyu.

Injiniya Farm Centre: Wannan kam yana faruwa sosai, kuma a nan haskawar da kanta ce ɓarnar, ba sai an rubuta komai ba. Kowa ya duba yanzu: a WhatsApp ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga wurin na'urorin da aka haɗa. In ka ga wata da ba ka sani ba, ka fitar da ita. Ka kuma sa wa wayarka makullin yatsa, don in akwai shi sai an nemi yatsanka kafin a haɗa. Duk wanda ya turo maka zane ya ce ka haska daga cikin WhatsApp don a saka ka a wani zaure ko a ba ka kyauta, asusunka yake nema.

Alhaji na Gwanzu: A ƙara da alhazai. Katin Nusuk da ake ratayawa a wuya akwai zanen a jiki, sai ka ga mutum ya ɗora hotonsa ɓaro-ɓaro a Facebook yana neman addu'a. Haka takardar shiga jirgi, haka takardar NIN. Ta jirgin tana ɗauke da sunanka da lambar da aka yanki tikitin da ita. Wanda ya ga hoton zai iya haskawa daga sikirin ɗinsa kamar takardar tana hannunsa.

Malam Sani: Duk na ji. Amma ku dawo kan maganata, don har yanzu ba a amsa ta ba. Maganinku duka shi ne a karanta adireshi kafin a taɓa, a karanta suna kafin a tura. Mahaifiyata tana da babbar waya, jikoki suka saya mata, tana karanta Alƙur'ani da ajami sarai, amma ba ta karanta boko. Irinta miliyan nawa ne a ƙasar nan? Ko mu da muka yi makarantar, in an canza harafi ɗaya a sunan banki cikin ɗan rubutun nan ƙanƙane, mutum nawa za su lura? Kuna ba da shawarar da mai ilimi kaɗai zai iya bi.

Ummulkhairi: Gaskiya ne Malam. Wasu ma gajarta adireshin suke yi, ko ka iya karatu ba abin da za ka gane.

Injiniya Farm Centre: Malam, ga abin da nake faɗa wa iyayenmu in sun zo gyara, ba ya buƙatar karatu. Kuɗi, daga cikin manhajar banki kawai ake haskawa, don ita ba ta buɗe shafin kowa, in ba zanen biya ba ne sai ta ƙi. In kuma kyamara ce ta kai ka wani wuri aka ce sa lambar kati ko lambar sirri, a rufe, ko da tambarin wa aka sa. Sannan ba a haska zane don a karɓi kuɗi. Duk wanda ya ce haska nan in turo miki, shi za a tura wa.

Malam Sani: Ta farkon ta yi. Amma ba ta hana a biya mai sitikar bogi ba, tunda shi ma zanen biya ne.

Injiniya Farm Centre: Ba ta hana ba. Wannan sai mai shago ya tsare, ko mai saye ya juya wa mai shago wayar ya ce sunanka ne wannan kafin ya danna.

Malam Sani: To ni dai Hajiyata da tsabar kuɗi za ta ci gaba da zuwa kasuwa.

Hassan mai POS: Ta riƙa biyowa ta wurina tana cira Malam, muna maraba.

Nura Kemis: Afuwan na shigo a makare. Injiniya, akwai wani zane a jikin kwalayen wasu magunguna da ake kawo mana, shi ma murabba'i ne amma ƙarami, babu manyan idanun nan uku. Kyamarata ba ta kula shi. Na bogi ne?

Injiniya Farm Centre: A'a Nura, wani nau'i ne daban, Data Matrix sunansa. Ka duba da kyau, gefe biyu layi ne baƙi miƙaƙƙe da suka haɗu a kusurwa, sauran gefe biyun ɗigo-ɗigo. Ana sa shi a ƙananan abubuwa don ba ya cin wuri. Na magani yawanci lambar kayan ce a ciki, da lambar rukunin da aka yi su tare, da ranar lalacewa, wani lokaci da lambar kwalin shi kaɗai. A Tarayyar Turai tun Fabrairun 2019 aka wajabta shi a kan yawancin magungunan da likita ke rubutawa. Kyamarar wayoyi da yawa QR kawai aka koya mata, shi ya sa ta yi shiru. Gwada Google Lens. Akwai kuma na uku mai ido ɗaya a tsakiya, Aztec, an fi ganinsa a tikitin jirgi.

Nura Kemis: Ke nan in ya karantu maganin mai kyau ne?

Injiniya Farm Centre: Ko kusa. Mai jabu zai iya kwafar zanen kwali na gaske ya buga a dubu. Abin da za ka iya yi shi ne ka gwada ranar lalacewa da lambar rukunin da ya nuna maka da waɗanda aka buga a jikin kwalin, in sun saɓa ka ajiye shi gefe. Tantancewa kuwa, waɗanda ke da wurin kankarewa na tsarin NAFDAC, ka kankare ka tura lambar ta saƙo, don ita sau ɗaya take aiki. Turo mini hoton kwalin ta gefen da zanen yake, ka ɗauka a waje inda akwai rana.